Wai ƙwaya ce ta sa Marit Bjørgen cin gwal tana da shekara 37? Ga amsa

Ƙanina, ka ce ka ga wani bidiyo ana ta zuzuta wata mata 'yar Norwe, Marit Bjørgen, wai ta haihu ta dawo ta ci gwal a Olamfik tana da shekara 37 a wasan gudu kan dusar ƙanƙara, kana so ka san ya aka yi ta kai nan, kuma anya ba ƙwaya ba ce, sannan ka ƙara da cewa ɗan Afirka zai iya wannan wasa kuwa. To bari in amsa maka, don harkata ce, tsara wa masu dogon gudu tirenin da auna numfashinsu shi ne abincina, kuma a yankin su matar nake zaune.

Kar ka haɗa wasanta da wanda ake sulalowa daga kan dutse a guje, wancan daban ne, su na'ura ce ke kai su sama su gangaro. Wannan da ƙarfinka za ka hau tudun, katako biyu sirara dogaye a ƙafa, siki ke nan, sanda biyu a hannu, hanyar kuma an tsara ta kusan kashi ɗaya cikin uku hawa ne, ɗaya gangara, ɗaya kwana-kwana da ɗan tudu da kwari. Salo biyu ne, akwai kilasik da ake bin layi biyu da inji ya tsaga a ƙanƙarar kamar mutum na tafiya da dogon taku, akwai sikatin da ake tura ƙafa gefe da gefe. Hannu na aiki, ciki na aiki, cinya na aiki, duk lokaci guda, shi ya sa in ana auna yawan iskar da jikin ɗan wasa ke iya zuƙa ya yi amfani da ita, masu wannan wasa kullum suna sahun gaba, ko 'yan keke sai dai su yi kunnen doki da su.

Ita Marit an haife ta ranar 21 ga Maris 1980, ta taso a gona a wani ƙauye da ake kira Rognes a kudu da Trondheim, kuma har ta ajiye wasa sunan ƙaramin kulob ɗin ƙauyen nan ne a jikin sunanta, Rognes IL. Ta fara shiga gasar Kofin Duniya a ƙarshen 1999, kuma a farko ba a ɗauke ta mai dogon zango ba, 'yar gajeren gudu ce, wanda ake yin kilomita ɗaya da 'yan kai, a tace mutum 30 a yi ta fidda wasu har a zo fainal. Lambarta ta farko a Olamfik azurfa ce a gudun karɓa-karɓa a Salt Lake City 2002, kuma ko wannan ma akwai labari, don 'yan Rasha da kowa ke tsoro ba su ma shiga ba, da safen aka auna jinin Larisa Lazutina aka ga ya yi kauri fiye da ƙa'ida aka hana ta tashi. Riƙe wannan, za mu dawo kan maganar ƙwaya. 2003 ta zama zakarar duniya a gajeren gudu a Val di Fiemme, 2005 a Oberstdorf ta kwashi gwal uku har da kilomita 30, ta ɗauki kofin sizin gaba ɗaya a 2005 da 2006. Yarinya 'yar shekara 25, kowa ya ce shikenan an samu sarauniya.

Sai abu ya lalace, kuma wannan wajen ne masu bidiyo ba sa nunawa, alhali nan ne amsar tambayarka take. Olamfik na Turin 2006 ta je da rashin lafiya, ƙirji da ciki, azurfa ɗaya ta tsira da ita a kilomita 10. Gasar duniya ta Sapporo 2007 tagulla biyu, su ma na haɗin gwiwa ne ba nata ita kaɗai ba. Liberec 2009 kuwa ko lamba ɗaya ba ta gani ba, jaridun ƙasarsu suka yi mata caa, wasu na cewa ta ƙare, wasu na cewa ta tara tsoka da yawa ta yi nauyi, kuma ka san a Norwe wannan wasa kamar yadda muke ɗaukar ƙwallo ne, kowane tsoho a shagon kofi koci ne.

Abin da ya faru a jikinta mun san shi dalla-dalla, don tun tana ƙarama take rubuta duk tirenin da ta yi a littafi, awa nawa, wane iri, bugun zuciya nawa, daga baya kuma ta miƙa wa masu bincike a jami'ar NTNU ta Trondheim, su Guro Strøm Solli da Øyvind Sandbakk da Espen Tønnessen, suka baje shi a fili tun daga 2017. Ba kowane zakara ne zai yarda a leƙa masa littafi haka ba. A shekarun farkon nan tana bin wani tsari ne na tara wahala wuri guda, a ware kwana bakwai zuwa sha ɗaya a yi ta tirenin mai zafi kusan kullum, wani lokaci sau biyu a rana, irin wanda zuciya ke kusa da ƙurewa, a ɗan huta a sake. A sizin 2005 zuwa 2006 ta yi irin wannan zama mai zafi sau 157 in an haɗa da gasa. Kuma kar ka ce tsarin banza ne, ai da shi ta ci kofin shekarar, yana ɗaga mutum da sauri wallahi, matsalar ita ce jiki magayi, za ka yi shekara biyu uku kana cin riba sai ka wayi gari kana zuba wahala ba abin da ke fitowa, ga mura ba ta ƙarewa, ga ƙafa ta yi nauyi, kai kuma da ka ga sakamako ya faɗi sai ka ce ai ban yi isasshe ba ne ka ƙara, ka ƙara nutsewa. Ina ganin wannan a wajen yara masu hazaƙa kullum, mai ƙwazo shi ya fi faɗawa wannan rami, malalaci ba ruwansa.

Bayan Liberec suka zauna da kocin mata na lokacin Egil Kristiansen da likitoci da mai kula da tunanin 'yan wasa, aka juya tsarin. Awanni suka ƙaru, zafi ya ragu. A shekaru biyar da ta fi haskawa tana yin kusan awa 940 a shekara, sama da zama 500, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na tirenin ɗin juriyarta a hankali ne, mai zafin gaske bai kai kashi 5 ba. A sizin 2014 zuwa 2015 zama mai zafi 77 ne kacal, rabin na da, kuma ta sake cin kofin. In na ce a hankali ina nufin a hankali fa, irin wanda mutum biyu za su jera suna hira ba mai haki. Da za ka zo nan a watan Yuli ka ga yadda ake yi da ka yi dariya, mutum uku huɗu sun shiga fadamar daji da sanduna a hannu, ƙasa mai laushi ƙafa na nutsewa har idon sawu, ruwa mai sanyi na shiga takalmi, sauro na bin wuya, kowa da belt ɗin ruwa a ƙugu da agogon bugun zuciya, in agogo ya nuna an haura ƙa'ida a kan tudu sai a daina gudu a koma tafiya, zakaran duniya guda yana tafiya da ƙafa a kan tudun da yaro zai haye a guje, awa biyu awa uku, a dawo a ci abinci a kwanta, da yamma a ɗaura siki mai taya a bi kwalta. Haka Mayu, Yuni, Yuli, Agusta har kaka, a tsakani a tafi tsaunukan Italiya a kwana a wuri mai tsayin kusan mita 2,000 don jini ya saba da ƙarancin iska. Gasa daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa Maris, amma wanda zai ci a Fabrairu tun bazara aka gama sanin shi.

Sakamako bai ɓata lokaci ba. Vancouver 2010 gwal uku, azurfa ɗaya, tagulla ɗaya. Azurfar nan ma ka nemi bidiyonta ka kalla, kilomita 30 kilasik, ita da Justyna Kowalczyk 'yar Folan sun baro kowa, suka shigo fili kafaɗa da kafaɗa suna dukan ƙanƙara da sanda biyu lokaci guda, bayan gudun awa ɗaya da rabi abin da ya raba su kashi uku cikin goma na sakan ne, Kowalczyk ta sha. Oslo 2011 a gida a Holmenkollen gwal huɗu, Val di Fiemme 2013 wasu huɗu, alhali a Disambar 2012 sai da aka kwantar da ita asibiti don zuciyarta ta riƙa bugawa ba daidai ba. Sochi 2014 gwal uku.

A Sochi ɗin ne kuma za ka gane cewa wasan nan ba ƙarfi kaɗai ba ne. Ƙasan siki ana shafa masa kaki iri biyu, na santsi a gaba da baya, sannan a kilasik akwai na riƙo a tsakiya daidai ƙarƙashin ƙafa, wanda zai kama ƙanƙara in ka taka ya sake ta in ka zame. Kowane yanayi da nasa, sabuwar dusa daban, wadda ta narke ta sake daskarewa daban, mai ruwa-ruwa sai an sa wani mai danƙo da ake matsowa daga tub. In aka yi kuskure ɗaya biyu ne, ko ka taka tudu ƙafa ta zame baya, ko dusa ta dunƙule a ƙasan sikin kamar yadda taɓo ke liƙe wa takalmi da damina har ka kasa ɗaga ƙafa. Manyan ƙasashe da tirela guda suke yawo cike da siki da masu shafa, tun asuba suna fita gwaji, mutum biyu su riƙe hannu su gangaro tare su saki a ga na wa zai fi nisa, kuma babban ɗan wasa yana da siki gomomi, kowanne da irin ƙanƙarar da yake so. To a Sochi rana ta buɗe, zafi ya yi yawa, masu shafan Norwe suka kasa gano bakin zaren, matan da kowa ya gama ba su gwal a karɓa-karɓa suka ƙare na biyar da Marit a cikinsu, Charlotte Kalla ta Suwidin ta cike tazarar kusan sakan 25 a zagayen ƙarshe ta ɗauke. Mako guda bayan nan da aka gyara, a kilomita 30 matan Norwe ne na ɗaya da na biyu da na uku. Mutanen nan dai su ne, ƙafafun su ne.

Yanzu maganar ƙwaya, kuma ba laifinka ba ne da ka yi zargi, wasan nan ya yi ƙaurin suna. A Lahti 2001 'yan Finlan shida aka kama a gasar da ƙasarsu ke karɓar baƙunci. A Olamfik na 2002 aka kama Johann Mühlegg da Lazutina da Olga Danilova da maganin ƙara jini, aka ƙwace musu gwal ɗinsu. 2019 a Seefeld 'yan sanda suka kutsa ɗaki suka tarar da Max Hauke ɗan Ostiriya da allura a hannu ana mayar masa da jini. Su kansu 'yan Norwe ba su fita fes ba, Martin Johnsrud Sundby an dakatar da shi wata biyu a 2016 aka karɓe masa nasarar Tour de Ski, gasar da ake jera tsere kwanaki a jere, ta 2015 kan yadda ya sha maganin asma fiye da ƙima, Therese Johaug kuma abokiyar Marit ta sha dakatarwar wata 18 kan wani sinadari da ke cikin man leɓe da likitan tim ya ba ta, har ta rasa Olamfik na 2018.

Ita Marit ba a taɓa kama ta da komai ba a kusan shekara ashirin da ake bin ta da kwalbar fitsari da allurar jini. Abin da ake jifanta da shi shi ne inhela. A 2009 aka tabbatar tana da asma aka ba ta izini a rubuce ta yi amfani da Symbicort, wanda a lokacin sai da izini, kuma dawowarta ta zo daidai da wannan, shi ya sa a Vancouver Kowalczyk ta fito fili ta ce in ba don maganin ba da ba ta ci ba, daga baya ta ba da haƙuri kan lokacin da ta yi maganar. Ra'ayina a nan, asma a wannan wasa ciwon sana'a ne, mutum ya shekara goma sha yana zuƙar busasshiyar iska mai sanyi da ƙarfin tsiya, ƙa'ida ma sai sanyi ya wuce 20 ƙasa da sifiri ake dakatar da gasa, dole hanyoyin numfashi su ƙone su kumbura. Inhela a ƙa'idarta tana buɗe wa mai ciwo ƙirji ya dawo daidai da kowa, mai lafiya kuma ba wani abin kirki take ƙara masa ba, shi ya sa ma daga baya hukumar WADA mai yaƙi da ƙwaya a wasanni ta sassauta ta ce a sha zuwa wani adadi ba sai da takarda ba. Eh maganin ya taimake ta, don mai ciwo ce aka yi wa magani. Amma inhela ba ta yi wa mutum awa 940. Inda nake ganin 'yan Norwe sun ba da ƙofar zargi shi ne yadda suka mayar da abin kamar ruwan sha, gidan talabijin ɗinsu NRK ya ruwaito sun tafi Olamfik na 2018 a Koriya da maganin asma sama da shaƙa 6,000, ko ma halal ne, ido ba zai so ganin haka ba.

Haihuwar kuma, ta ci Tour de Ski a farkon 2015 wanda ya daɗe yana gagararta, ta ɗauki kofin sizin karo na huɗu, sai ta sanar tana da ciki, ta haifi ɗa namiji a Disambar 2015, uban shi ne Fred Børre Lundberg wanda shi ma ya ci gwal a Lillehammer 1994. Ba ta daina motsa jiki da cikin ba, a watannin tsakiya ma ta fi yi, sai dai ta ajiye mai zafin ta rage nauyin ƙarfe yadda likitoci suka tsara mata. Kuma kar wata ta karanta wannan ta ce za ta kwaikwaya, ita da likitoci a gefenta take, kuma duk da haka sai da ta yi gaggawar komawa gudu bayan haihuwa ƙashin ƙasan bayanta ya tsage, ya warke, ɗaya gefen ma ya tsage. Sai da aka sake ja da baya aka bi a sannu. Abin da ya cece ta shi ne tulin shekarun da ta riga ta tara, jikin da ya sha awa dubbai ba ya mantawa cikin wata tara. Wata goma sha huɗu da haihuwa ta je Lahti 2017 ta ɗauki gwal huɗu.

Olamfik na Pyeongchang 2018 ta shiga tsere biyar ta fito da lamba biyar. Azurfa a bayan Kalla, tagulla a kilomita 10 da suka yi daidai da Krista Pärmäkoski har kashi goma na sakan aka ba su su biyu, gwal a karɓa-karɓa inda ta riƙe Stina Nilsson da sakan biyu a zagayen ƙarshe, tagulla a gudun mutum biyu ranar da Amurkawa Kikkan Randall da Jessie Diggins suka ba kowa mamaki, sai ranar rufewa 25 ga Fabrairu, kilomita 30 kilasik, wanda nake zaton shi ka gani. Tun kafin a yi nisa ta fice ta bar su, ba wani dabara ba jiran kowa, ta shigo da tazarar minti ɗaya da sakan 49, har ta samu sukunin karɓar tuta kafin layi. A bayanta ma abin tausayi ya faru, Teresa Stadlober 'yar Ostiriya tana ta biyu ta bi hanyar da ba ita ba, kafin ta gane ta dawo lamba ta tafi. Jimilla 15 a Olamfik, gwal 8, azurfa 4, tagulla 3, ta wuce Ole Einar Bjørndalen ɗan ƙasarsu mai 13, wanda kafin nan ya fi kowa lamba a Olamfik na hunturu, a gasar duniya 26 da gwal 18 a ciki, a Kofin Duniya ta ci tsere 114 ita kaɗai, ranar da ta ajiye a Afrilun 2018 ba namiji ba mace a wannan wasa da ya wuce ta a ko ɗaya.

Shekara 37 kuma ba abin mamaki ba ne sosai a dogon zango, saurin ƙafa ne ke fara tafiya, juriya da iya taka siki suna daɗewa, kuma in ka duba ai haka tafiyarta ta kasance, ta fara da gajeren gudu ta ƙare da kilomita 30.

Ɗan Afirka kuwa an yi. Philip Boit na Kenya ya shiga kilomita 10 a Nagano 1998 ya zo na ƙarshe, Bjørn Dæhlie da ya ci tseren ya tsaya a bakin layi ya jira shi ya rungume shi, Boit ya sa wa ɗansa sunan Dæhlie. Najeriya ma Samuel Ikpefan ya wakilce ta a Beijing 2022, sai dai shi a Faransa aka haife shi ya taso kusa da tsaunuka. Shiga ɗaya ne, cin lamba wani abu ne daban, kuma ba huhu ne ya hana mu ba, Boit ai ɗan tsere ne tun asali, huhu kam akwai. Abin da babu shi ne tsayuwa a kan siki ɗaya mai faɗin yatsa uku ana gangara kwana a guje, wanda yaran nan tun suna shekara uku huɗu suke yi a bayan gida, sai kuɗin siki da kaki da masu shafa da tikitin bin gasa don tara makin hukumar FIS mai kula da wasan siki a duniya. Kuma ladan ba wani mai yawa ba ne, a zamaninta wanda ya ci tseren Kofin Duniya faran 15,000 na Suwizalan yake samu, manyan da kamfanonin talla suke rayuwa, na tsakiya da yawa iyaye ne ke tallafa musu ko suna haɗawa da karatu. Wanda ke Turai da ƙaramin yaro ya kai shi kulob ɗin unguwa, yawanci iyaye ne ke koyarwa kyauta kuma ana samun kayan hannu da araha, babba kuma ya fara da siki mai taya a filin da ba mota, da hular kwano don abin ba shi da birki.

Ita dai bayan ta sake haihuwa a 2019 ba ta zauna ba, a Maris 2021 tana da shekara 40 ta shiga Vasaloppet na Suwidin, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, ta zo ta biyu a mata, ƙasa da minti ɗaya tsakaninta da Lina Korsgren, daga baya kuma ta koma cikin masu horar da tim ɗin mata na ƙasarsu.